Wanda Ya Yanke Hancin Cuku

Mesiye Anselme Pradel bai taɓa dafa ko ƙwai ba tun da uwarsa ta haife shi, amma kaf unguwar Ménilmontant babu wanda ya kama ƙafarsa wajen gano aibin girkin mutane. Dogo ne siriri, da ɗan tumbi a gaba kamar an kifa masa ƙoƙo, da gashin baki wanda yake shafawa kafin ya yanke wa abinci hukunci.

Aikin da ya yi har ya yi ritaya shi ne karanta mitar ruwa. Da yake a tsofaffin gidajen Paris mitar tana ƙarƙashin wurin wanke-wanke, rabin rayuwarsa a durƙushe ya yi ta a kicin ɗin mutane, kai a cikin kabad, hanci yana aiki. Makarantarsa ta girki ke nan. Sai ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa ya ce wa matar gida, "Madam, albasar nan ta fara kuka," ko kuma, "Wannan naman da kin ƙara masa haƙuri." Babu wadda ta taɓa tambayarsa. Har akwai gidajen da in an ji ƙwanƙwasarsa sai a rufe tukunya a buɗe taga.

Ya yi aure sau ɗaya. Ghislaine sunanta, mace mai sanyin hali, mai hannun girki, wadda maƙwabta kan rage sauri a matakala don su shaƙi ƙamshin tukunyarta. Duk zaman da suka yi, yabo mafi girma da ta taɓa samu daga bakinsa shi ne "Ba laifi." Gaskiya ne mutanen birnin nan ba su cika sakin baki da yabo ba, amma kowa yana da ranar da yake mantawa ya ce abu ya yi daɗi. Anselme ba shi da wannan ranar. Wata Lahadi ta dafa zomo da mustad, yajin nan na Turawa mai hawa hanci, tun safe take kansa. Ya ɗanɗana, ya shafa gashin baki, ya ce ba laifi, sai dai zomon kamar ya mutu da ɓacin rai. Ghislaine ta kwance ƙyallen da take ɗaurawa in za ta yi girki, ta ninke shi, ta ajiye a kan kujera, ta tafi wurin yayarta a Nantes. Ba ta dawo ba. Daga baya aka ji ta auri wani mai gyaran jiragen ruwa da ke cin duk abin da aka ba shi yana lumshe ido. In aka taɓo zancenta sai Anselme ya girgiza kai ya ce, "Abin tausayi. Ta tafi ba ta gane gishiri ba."

Tun daga nan ya koma cin abincin rana a wurin Madam Léonie Bessac, a wani ɗan gidan abinci da ke kan gangara, inda teburan suka matse har in ka yanka nama sai gwiwar hannunka ta gaida haƙarƙarin maƙwabci. Daga shiga, ta hannun dama, akwai wani tsohon kabad mai ƙananan ramuka kamar ɗakin tattabaru. A kowane rami adiko ne na yadi a naɗe, an zura shi cikin zoben katako, a jikin zoben an ƙona sunan mai shi da zazzafan ƙarfe. Baƙo a ba shi takardar goge baki ya yi ta fama. Ɗan gida kuwa hannu zai miƙa ya zaro adikonsa. Zoben nan ba a saye, ba a roƙa. Madam Bessac ce take duban mutum shekara da shekaru, ran da ta ga dama sai kawai ya tarar da shi a kan farantinsa, ba jawabi.

Anselme ya daɗe yana jira kafin nasa ya zo, kuma ba halinsa ne ya kawo masa shi ba, naci ne. Ruwa da sanyi yana nan, rani yana nan, har Madam ta gaji da ganinsa da takarda a wuya. Amma shi a nasa lissafin shaida ce aka ba shi ta sanin abinci. Ba shi da ɗa, ba shi da mata, ɗakinsa can ƙarƙashin rufin wani bene ne inda babu mai hawa sai shi. A duk faɗin birnin, wurin nan ne kaɗai in bai zo ba za a ga rami cike a san bai zo ba. Saboda haka yadda yake zaro adikon ma abin kallo ne. Ba ya duban kabad ɗin. Zai rataye kwat ɗinsa, ya miƙa hannu ta baya yana kallon baƙi, don su ga hannun ya san hanya.

Ran Alhamis ake yin kan maraƙi. Madam tana dafa shi tun asuba da karas da ganyayyaki har naman ya yi laushi yana rawa a faranti, da guntun harshe a gefe, da dankali, da miyar nan mai sanyi ta dafaffen ƙwai da mustad da ɗan tsami-tsami. Mutane daga wasu unguwanni suke hawo gangara dominsa. Anselme yakan sa a baki, ya rufe ido, ya yi ta juya shi kamar mai neman ƙashi. Madam ta leƙo daga kicin, gajeruwa ce mai kauri, hannu a ƙugu.

"To, Mesiye Pradel?"

"Ba laifi."

"Allah ya ƙara lafiya," in ji ta, ta koma. Ta daina jiran wani abu daga gare shi tun kafin gashinta ya yi fari.

Abin da ya fi abincin yi masa daɗi shi ne baƙi. Wanda ya ce a gasa masa nama har ya bushe, Anselme ya ji. Wadda ta nemi kofi da madara bayan cin abinci, Anselme ya gani. Zai ajiye cokali mai yatsu a hankali, ya dubi rufin ɗaki, ya saki numfashi irin na wanda ƙasarsa ta lalace a kan idonsa. Babban laifin duniya kuwa a wurinsa yana cikin tiren cuku. Bayan nama, Gaëtan mai kai abinci yakan ajiye tiren a tebur, kowa ya yanka da kansa, a wuce da shi gaba. A cikinsa kullum akwai yankin cukun Brie, mai faɗi ta baya, mai tsini ta gaba. Tsinin nan shi ne hanci, nan ne ya fi nuna, ya fi maiƙo. Mai tarbiyya daga gefe yake yanka siririn yanki a tsaye, daga baya har gaba, don na bayansa ma ya samu rabonsa na hancin. Wanda ya gutsure hancin gaba ɗaya ya gaya wa ɗakin cewa shi kaɗai uwarsa ta haifa. Anselme ya sa baƙi da yawa kunya a kan wannan. Akwai wata baiwar Allah da ta bar cukunta a faranti ta fita idonta cike da ƙwalla, shi kuwa ya yi mako yana ba da labarin.

Ramin da ke kusa da nasa a kabad ya daɗe babu kowa, tun rasuwar wani tsohon tela mai shi. Anselme yana son haka. Maƙwabcin da ba ya nan shi ne irin maƙwabcin da yake shiri da shi.

Sai ga Barnabé Quillet ya ɓullo. Tsohon direban bas ne, ƙato, mai jan wuya, mai muryar da ta saba faɗa da inji. Ya samu teburin da ke jikin na Anselme ya mayar da shi nasa. Komai aka ajiye masa sai ya yi masa kirari. Miyar albasa ta tuna masa kakarsa. Agwagwa ta sa shi yafe wa duk wanda ya taɓa zaginsa a hanya. Ya kama burodi da hannu ya suɗe faranti har ya yi ƙyalli, sannan ya ɗaga shi sama ya ce, "Gaëtan, gaya wa uwar ɗakina wannan ba sai an wanke ba." Ga surutu. Labarin fasinjoji, labarin jikoki, labarin likitansa da zuciyarsa da abubuwan da aka hana shi. Duk ɗakin sun haddace. Anselme ne kaɗai bai ji ko ɗaya ba, domin shi da Barnabé ya buɗe baki sai ya toshe kunnensa da raini.

"Farfesa, yaya ka ji zomon nan?" Haka Barnabé yake kiransa tun ranar farko.

"Ba laifi."

"Ba laifi? Mutumina, harshenka fansho ya tafi tare da kai?"

Ɗakin ya yi dariya, har da Madam daga kicin. Anselme ya goge baki da adikonsa na yadi, a hankali, yadda mai takarda zai gani.

Da wannan yake rarrashin kansa, cewa komai haukan direban, da takarda yake goge baki. Sai wata Talata Gaëtan ya sunkuyo yana share masa ɓurɓushin burodi. Shi Gaëtan ya tsufa a cikin aikin nan, kuma ya san inda magana take yi wa kowa ciwo.

"Ka kusa samun maƙwabci a kabad, Mesiye Pradel."

"Wane ne ya mutu ya dawo?"

"Madam ta aika an ƙona suna. Ran Alhamis za ta ajiye masa."

"Wa?"

Gaëtan ya karkata kai wajen Barnabé, wanda a lokacin yake sumbatar yatsunsa saboda wake.

Anselme bai gama abincinsa ba ranar, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya sauka gangara yana magana shi kaɗai. Shi da ya yi shekaru yana goge baki da takarda kafin a ga ya cancanta, yau wani mai ihu a kan wake zai zo jiya-jiya a ajiye shi kafaɗa da kafaɗa da shi? In zobe ya zama abin da ake samu da daɗin baki, to nasa me ya rage? Bai taɓa zuwa masa a rai ba cewa mai girki ma mutum ce, tana son ta ji an ce an gode. A ganinsa Madam tsufa ne ya fara taɓa ta, kuma aikinsa ne ya farkar da ita, ya nuna mata wane irin mutum take shirin sakawa a kabad.

Ran Alhamis ɗakin ya cika. Aka ci kan maraƙi, Barnabé ya ce in ya mutu a binne shi da miyar. Anselme ya lura Madam ta fito ta tsaya bayan kantar biyan kuɗi, hannunta ɗaya a aljihu, ya san abin da ke cikin aljihun. Gaëtan ya kawo tiren cuku ya ajiye a teburin Barnabé kamar kullum, ya wuce. Direban ya sunkuya a kansa, ya ja numfashi mai tsawo, sannan ya tura shi teburin Anselme ya juya yana ba na bayansa labarin wata tsohuwa da ta shiga bas da kaza.

Brie ɗin sabo ne, hancinsa a miƙe, ya nuna har yana ɗan zubowa. Anselme ya duba hagu da dama. Ya ɗauki wuƙa ya datse hancin, ƙato guda, ya jefa a baki ba burodi, ya haɗiye. Ko daɗinsa bai tsaya ji ba. Ya ajiye wuƙar, ƙotarta tana kallon teburin direba, ya gyara murya.

"Madam Bessac. Don Allah zo ki ga wani abu."

Yadda ya faɗa ya sa cokula suka tsaya. Madam ta zagayo.

"Ban so in yi magana ba," in ji Anselme, yana nuna cukun da ɗan yatsa kamar gawa. "Haka tiren ya iso mini. Ni ba na kama suna. Amma kowa ya ga daga teburin da ya fito. Mutum ya yi ta ihu yana yabon abinci, ashe ko yanka cuku ba a koya masa a gida ba."

Madam ta dubi cukun, ta dubi Anselme. Barnabé ya juyo da dukan jikinsa, kujera tana kuka.

"Ni? Farfesa, ni da cuku?"

"Tiren a gabanka yake."

"Ai kullum a gabana yake. Ƙamshin nake ci." Ya dubi jama'a kamar mai neman a tashe shi daga barci. "Jama'a, wane ne a ɗakin nan ban dame shi da zancen likitana ba?"

"Babu," in ji wata tsohuwa daga lungu. "Tun kaka muke jin ta'aziyyar cukun nan."

"Rabonsa da cuku tun da aka yi masa aikin zuciya," in ji Gaëtan, yana goge kofi. "Ni nake ajiye masa ya shaƙa, in ɗauke. Kowa ya sani." Ya ɗan dakata. "Mesiye Pradel, akwai wani abu a gashin bakinka. Ta hagu."

Anselme ya kai hannu. Ɗan farin maiƙo ne, ya manne a gashin da yake shafawa in zai yanke hukunci. Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi. Madam ta zaro zoben daga aljihu ta ajiye a gaban Barnabé, ta ɗauki tiren da kanta ta shige kicin.

Da wani mai kunya ne, da ya yi kwanaki bai fito ba. Anselme kuwa washegari da tsakar rana yana bakin ƙofa, domin ya gama shawo kan kansa cewa abin ɗan kuskure ne da manya za su bari ya wuce. Ya rataye kwat, ya miƙa hannu ta baya yana kallon baƙi. Hannun ya shiga rami ya taɓa katako. Ya lalubi sama da ƙasa. Dole ta sa ya juya ya duba, karon farko cikin shekaru. Ramin fayau. A na kusa da shi kuwa ga sabon zobe, sunan Barnabé har yana ƙamshin ƙuna.

A teburinsa an ninke takardar goge baki an ajiye a kan faranti.

Ya zauna bai taɓa ta ba. Barnabé ne ya fara magana, kuma ba da gatse ba, abin da ya fi ƙona ran Anselme ke nan.

"Uwar ɗakina, ki yi haƙuri ki mayar masa. Ni wallahi ban riƙe shi ba. Cukun ne ya yi kyau, ko ni da da hali da na sace."

Madam ta fito tana goge hannu. Ta ja kujera ta zauna a gaban Anselme, abin da ba ta taɓa yi da kowa ba a lokacin aiki.

"Mesiye Pradel, ban damu da cukun ba. Yara ma suna yi. Ƙaryar ma, tunda wanda aka yi wa ya yafe, na bar ta." Ta ajiye zobensa a kan tebur, ta ɗora yatsa a kai. "Abu ɗaya nake so in sani. Tun ina da ƙarfin gwiwa nake tashi da asuba ina dafa maka kan maraƙi. Mijina ya mutu ran Litinin, Alhamis na dafa, ka ci. Ka kori baƙina na yi shiru. Yau ka gaya mini, a gaban mutanen nan, yaya girkina yake?"

Ƙofa ce aka buɗe masa mai faɗi, ko makaho ya ga haka. Barnabé yana ta yi masa alama da gira, har yana motsa leɓe yana nuna masa kalmar. Kuma Anselme ya san amsar. Ya san babu inda ake kan maraƙi kamar nan, ya san daren Laraba da tunaninsa yake kwana. Maganar ta taso masa har maƙogwaro. Sai ya ga idanun baƙi a kansa, masu takarda a wuya, ya tuna shi ne mutumin da ba a taɓa burgewa ba, kuma in ya saki wannan bai san me zai rage masa ba. Hannunsa ya tafi gashin baki da kansa.

"Ba laifi," in ji shi. Da ya ji shirun ya yi yawa sai ya ƙara, don ya nuna adalci, "Wani lokacin ma ba laifi sosai."

Madam ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani. Ta ɗauki zoben ta miƙe.

"Gaëtan, kawo wa baƙon nan abinci."

Har yanzu yana zuwa. Ina zai je? Tsakar rana ta yi yana bakin ƙofa, ya rataye kwat, ya wuce kabad ɗin da sauri kamar bai san da shi ba. Ana ba shi abinci daidai da kowa, ana gaishe shi daidai da kowa. Tiren cuku ne dai Gaëtan ba ya ajiye masa, shi yake yanko masa a kicin ya kawo, daga baya, wajen ɓawo. Ya rage yi wa baƙi huci, domin da wuya ka raina mutum alhali irin takardarsa ce a wuyanka. A unguwa yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya mayar da zoben da kansa, wai adikon yadi yana riƙe wari.

Zoben kuwa ba a jefar ba, Madam ba ta ɓarna. Yana kan kantar da ke kusa da ƙofa, an cika shi da tsinken sakace, sunan yana kallon ɗaki. Baƙi in za su fita sukan zari ɗaya, wasu har su karanta sunan su tambaya ko kamfanin da ke yin tsinken ne. Barnabé in ya ƙoshi yakan miƙa hannu ya zaro biyu, ya ba maƙwabcinsa ɗaya.

"Ga naka, Farfesa. Daga gidanka."

Anselme yakan karɓa ya jujjuya shi a haske, ya ce tsinken bana bai kai na da ba.